Allon Shara Ya Tsallake Ƙofarta

Gerlinde Dangel ta dawo daga asibiti ne bayan ƙanƙara ta narke, da ƙarfe a ƙugu, da keken dogarawa irin na tsofaffi. Ƙarti biyu ne suka ɗauko ta a kujera har hawa na biyu, don benen nasu tsoho ne, ƙafa ce kawai ke hawansa. Ana sauke ta a bakin ƙofa, kafin ma ta nemi makulli, sai da ta ɗaga ido ta dubi ƙusar da ke jikin ƙofar. Babu komai a rataye. Ta ce a ranta, to, ba makona ba ne, yana nan tafe.

A wannan ƙusa ake rataya allon shara. Ɗan katako ne bai wuce tafin hannu ba, an zana masa tsintsiya, an ɗaura masa igiya. Sassa shida ne a benen, allon yana bin ƙofofinsu bi da bi. Wanda ya wayi gari ranar Litinin ya gan shi a ƙofarsa, to makon nasa ne: ranar Asabar zai share matakala daga sama har ƙasa, ya bi ta da ruwa da tsumma, ya share bakin titi, ya wanke garewanin shara, da yammacin Lahadi kuma ya cire allon ya rataya wa na gaba. Haka muka taso muka tarar a garuruwanmu na kewayen Stuttgart, kuma ba abin wasa ba ne. Mutum zai iya daina zuwa coci a yi masa uzuri, amma ya bar makonsa ya wuce bai taɓa tsintsiya ba, sai jikokinsa sun ji labari.

An haifi Gerlinde a wani ƙauye kan tudu, inda duwatsun gona suka fi ƙasarta yawa. Ubanta ya tafi yaƙi tana jaririya, bai dawo ba, ko kabarinsa ba su gani ba. Uwarta ta rene su su huɗu da saniya ɗaya da dankali, kuma ba ta yarda a zauna haka kawai a gidanta. Cewa take wanda ya zauna da rana tsaka, ko dai marar lafiya ne ko marar amfani. Tana 'yar shekara goma sha huɗu aka kai Gerlinde masaƙa a birni, ta zauna a keken ɗinki tana haɗa singileti, ba ta tashi daga kan keken nan ba sai da kamfanin ya rufe, lokacin furfura ta riga ta fito mata. A nan tsakani ta auri Eugen, makanikin motocin safa, mutum marar magana, wanda in ya ce “to” sau biyu a yini sai ta ce yau ya cika surutu. Sun tare a wannan bene fenti bai gama bushewa ba, suka haifi 'ya ɗaya, Carola, suka yi ta biyan kuɗin sashen har ya zama nasu.

Fiye da shekara hamsin ba ta taɓa fashin makonta ba. Ta yi shi da tsohon ciki, ta yi shi da zazzaɓi. Eugen ranar Juma'a aka binne shi, allon kuwa yana ƙofarta, gari na wayewa aka ji ƙarar bokitinta a hawa na uku. Matan gidan suka ce wannan mata zuciyarta dutse ce. Da maganar ta je kunnenta sai ta ce ƙura ba ta zuwa ta'aziyya. Abin da ba su sani ba, ranar nan tsintsiyar ce ta riƙe ta, ba ita ta riƙe tsintsiyar ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce mace ce mai daɗin zama ba. Bakinta kaifi gare shi, murmushinta tsada, yaran gidan na wancan zamani in sun hango ta sai su cire takalma su riƙe a hannu. Mutum ɗaya ce ba ta jin tsoronta, wato Frau Haug ta hawan ƙasa, matar marigayi mai rabon wasiƙu, sa'arta ce, kuma ita ma ba kanwar lasa ba ce. Tunda suka tare suke tafka rigima a kan shara. Gerlinde na gama makonta, Frau Haug za ta fito ta bi ƙarfen dafawa da yatsa, ta ɗaga yatsan a hasken taga, ta yi tsaki. In makon Frau Haug ya zo, Gerlinde za ta sauko ta leƙa bayan ƙofar waje, ta tambayi iska da ƙarfi ko an fara kiwon gizo-gizo ne a gidan ba a gaya mata ba. Ba wadda ta taɓa shiga ɗakin wata, ba wadda ta taɓa kiran wata da sunan yanka, “Frau Dangel”, “Frau Haug”, wato uwargidan wane, da sunan mazajensu, kamar yau suka fara haɗuwa. Amma da Eugen ya rasu, Frau Haug ce ta ajiye mata tukunyar miya a bakin ƙofa, sannan ta yi wata guda tana ƙorafin an mayar mata da tukunya ba a wanke gindinta ba.

To, ga ta dai ta dawo gida, an kuma shirya mata komai tsaf. Da safe nas za ta zo ta sa mata doguwar safa mai matse ƙafa, ta jera mata magunguna, ta tafi. Yau wannan, gobe waccan, kafin ta riƙe sunan ɗaya an canja mata wata. Da rana mota ta kawo abinci a rufe, mai laushi kamar na jarirai. An rataya mata wani jan maɓalli a wuya, in ta faɗi ta danna a zo. Ɗaki da ɗumi, fansho yana shigowa, Carola tana bugo waya daga Hamburg duk Lahadi. Kowa ya gan ta sai ya ce ta gode Allah, wasu tsofaffin ko rabin haka ba su samu ba. Ita ma ba ta musa ba. Ciwon ƙugun yana cin ta, ba ta gaya wa kowa. Tana tura kekenta daga kicin zuwa ɗakin kwana, ta juyo, ta sake, har zufa ta keto mata, nas tana yaba mata ƙoƙari, ba ta san tsohuwa shirin makonta take yi ba.

Daga kujerarta tana jin komai. Ta san sharar kowa da kunne: wanda ke jan tsintsiya kamar an sa shi dole, da wadda ke buga bokiti a kowane mataki don a san tana aiki. Da haka ta gane allon ya zo hannun Frau Nufer ta hawan sama, wadda daga ita sai Gerlinde. Ranar Lahadin nan da yamma ta jawo kekenta ta tsaya a bayan ƙofa, ta sa ido a ɗan hujin leƙe. Ga Frau Nufer tana saukowa da allon a hannu. Da ta iso daidai ƙofar Gerlinde sai ta rage tafiya, ta koma sanɗa kamar mai wuce ɗakin marar lafiya, ta tsallaka, ta rataya allon a ƙofar da ke kallon tata, ta wasu sababbin ma'aurata. Ta juya ta hau sama da sanɗar da ta sauko da ita.

Gerlinde ta daɗe a tsaye a wurin. Ko ranar da likita ya ce mata ƙashin ya karye bai yi mata zafi haka ba.

Washegari ta tare Frau Nufer za ta fita aiki. Malamar makaranta ce, ba ta fi shekara arba'in ba, mace mai fara'a da son taimako, kuma tunda Gerlinde ta dawo take yi mata magana da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya, kamar ƙugu da kunne jijiyarsu ɗaya. Ni dai abin da ke ba ni haushi da mutanen kirki shi ne ba a iya faɗa da su, kana ɗaga murya suna ƙara yi maka murmushi. Ta dafa hannun tsohuwa ta ce:

“Haba Frau Dangel, ai kin yi naki, kin yi har da na wasu. Yanzu lokacin hutunki ne. Mun zauna mu duka mun yi shawara, za mu riƙa raba makonki a tsakaninmu.”

“Ku duka,” in ji Gerlinde. “Ni ba na cikin duka ɗin ke nan?”

Frau Nufer ta yi dariya, ta ce Frau Dangel dai ba ta rabo da barkwanci, ta duba agogo, ta wuce.

Da Carola ta bugo ranar Lahadi sai ta bayyana ashe ita ce ta roƙi maƙwabta a ɗauke wa uwarta wannan wahala. Ta ce Mama ke kam sai a hankali, duniya kowa neman yake a raba shi da shara, ke kina neman a ba ki. Ta ce in kika sake faɗuwa fa, wa zai baro aikinsa da 'ya'yansa ya yi tafiyar rabin yini a jirgin ƙasa? Gerlinde ta so ta yi mata bayani. Yaya za ka gaya wa 'yar da ka haifa cewa kana jin an share sunanka daga cikin masu rai, don kawai ba a rataya maka katako a ƙofa ba? Sai ta ce mata abinci yana hucewa, ta ajiye waya.

Bayan 'yan kwanaki nas ta riƙe ta suka sauka ƙasa duba akwatin wasiƙu, wai don ƙafa ta saba da matakala. Sai ga Frau Haug ta buɗe ƙofa, ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa.

“Au, Frau Dangel, ashe kina nan. Na ji an ce kin yi ritaya daga shara. To madalla, ko matakalar nan ta samu ta ga tsabta kafin mu mutu.”

“Ni a zaune na fi ki a tsaye, Frau Haug. Je ki wanke labulenki, daga titi ana ganinsa.”

Nas ta ruɗe tana ba su haƙuri. Gerlinde kuwa, wallahi tunda ta faɗi ba a gaya mata magana mai daɗin wannan ba. Duk gidan nan, duk asibiti, har 'yarta ta cikinta, kowa lallaɓa ta yake kamar ƙwai, mace ɗaya ce ta yi mata magana kamar da. Ranar sai da ta cinye abincin motar nan tas.

Ta bari allon ya sake zagayowa. Da aka kuma tsallake ta, ba ta tare kowa ba. Litinin da sassafe, ma'auratan na fita, ta buɗe ƙofa, ta miƙa sandarta ta zaro allon daga ƙusarsu, ta rataya a tata. Da suka dawo suka gani, suka kalli juna, ba wanda ya iya ƙwanƙwasa mata. Frau Nufer ta zo da murmushinta, ta ce ba komai, allon ya zauna a nan in tana jin daɗin ganinsa, su za su yi sharar. Gerlinde ta ce mata ita ba ado ta rataya ba.

Ranar Asabar tun kafin kowa ya tashi ta ɗaura atamfar aikinta ta gaba, ta dafa ƙarfe ta ja jiki har hawa na uku. Tsayuwa da tsintsiya ba zai yiwu ba, ta san da haka, sai ta zauna a matakin ƙarshe da ɗan burushin hannu da abin kwashe shara. Bokiti ya fi ƙarfinta, tukunyar dafa taliya ta cika da ruwa. Ta share matakin da ke ƙasanta, ta goge, ta ja gindi ta sauka kansa, ta jawo tukunya, ta kama na gaba. Ƙugu yana yi mata kamar ana soka wuƙa, amma daɗi take ji, daɗi sosai, irin wanda ta manta akwai shi a duniya. Har ta sami kanta tana 'yar waƙar coci a hanci. Mutanen gida suka fito, dole suka riƙa raɓawa ta gefenta, kowa kansa a sunkuye don kunya: tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu tana jan gindi tana goge inda za su taka. Frau Nufer kamar ta yi kuka, tana roƙo a ba ta burushin. Gerlinde ta ce ta matsa, tana tsaye a kan aikinta.

Rana ta take sannan ta iso hawan ƙasa. Frau Haug ta fito ta harɗe hannu, ta tsaya tana kallo, can ta nuna da haɓa ta ce an bar kusurwar can, ko ido ma ya tafi tare da ƙugun? Gerlinde ta ja jiki ta koma ta goge kusurwar, tana gunaguni, zuciyarta fari ƙal.

Da ta gama matakin ƙarshe ta kama ƙarfe za ta miƙe, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Ta sake gwadawa, ko motsi. Jan maɓallin yana wuyanta, ta ƙi taɓa shi. Ta zauna a kan siminti mai sanyi tana jiran ƙarfi ya dawo, bai dawo ba. Tun safe kuma ba ta zaga ba, jikin tsufa ba ya jiran mai shi. Abin da ba a son faɗa ya kuɓuce mata a nan, a kan wurin da ta goge da hannunta, a gaban mutane. Mijin Frau Nufer da ango na ƙofar gaba suka ɗauke ta cak suka hau da ita, kowa yana kallon bango. Tana waigowa ta ga Frau Haug ta ɗauki tsumman, ta durƙusa da ƙyar tana goge wurin, bakinta a rufe. Da zagi ta yi da ya fi mata sauƙi.

Cikin makon nan aka kira taron gida a ɗakin su Frau Nufer, can hawa na uku. Ba a kira Gerlinde ba, wai kada a wahalar da ita da hawa. Mutanenmu kuwa akwai su da wani hali: ba za su iya kallon tsohuwa su ce mata a'a ba, ba za su iya ɓoye allo a ce sun yi rashin gaskiya ba, ba kuma za su bar doka ta hau kan wasu ta bar wasu ba. Da suka rasa yadda za su yi da mace ɗaya sai suka kashe dokar gaba ɗaya. Za a ɗauki kamfanin shara, ya riƙa zuwa duk Alhamis, kowa ya ƙara ɗan wani abu a kuɗin wata. Gaskiyar magana, matasan gidan sun daɗe suna son haka, kunyar tsofaffin nan biyu ce ta hana su faɗa, yanzu ga dalili ya faɗo musu har da lada. Frau Haug kaɗai ta ɗaga hannu ta ce ba ta yarda ba.

Frau Nufer ce ta kawo labarin, da yankan kek a faranti. Ta ce yanzu shi ke nan, babu wanda aka tsallake, kowa ya huta, da Frau Dangel da su duk sun zama ɗaya. Da za ta fita ta cire allon daga ƙusa, ta tambaya ko Gerlinde tana so ta ajiye shi don tunawa. Gerlinde ta ce ta tafi da abinta. Garin neman gira ta rasa ido.

Da la'asar aka buga ƙofa, bugu mai ƙarfi, ba irin na nas ba. Frau Haug ce a tsaye tana haki, karon farko da ta taɓa hawowa don ta ƙwanƙwasa wannan ƙofa. Ba ta shigo ba, ba a kuma ce ta shigo ba.

“Da kin haƙura kin zauna a ɗakinki, Frau Dangel, da ni ina da makona. Ni ƙafata lau. Saura mako biyu ya zo kaina, har sabuwar tsintsiya na saya. Me na yi miki?”

Gerlinde da ba a taɓa kayar da ita a magana ba, ranar an kayar da ita. Frau Haug ta ɗan jira, ta juya ta dafa ƙarfe ta sauka. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba. In nas ta sauko da Gerlinde, sai ta ji an murɗa makulli a hankali daga ciki.

Mutumin kamfani ya fara zuwa. Dogo ne, da abin jin waƙa a kunne, da wata na'ura mai gurnani, kafin shayi ya huce ya gama ya tafi wani gidan. Gerlinde ta fito bayansa ta bi ƙarfen dafawa da yatsa, ta leƙa kusurwoyi, tana neman abin da za ta kama. Babu. Matakala tana ƙyalli, ta fi ta zamaninta tsabta, wannan kuma shi ya fi ƙona mata rai. Asabar ta zama kamar Talata. Da, ranar Asabar ƙofofi a buɗe suke, ana jin bokiti, ana tsayawa a yi gulmar wanda ya sayi sabuwar mota da wanda matarsa ta yi yaji. Yanzu kowa ya fito sai ya wuce fuu, ba abin da zai tsayar da shi. Ta fara rikita ranaku, ba don kai ya taɓu ba, sai don babu abin da ya bambanta wata da wata. Abin takaici, jikin nata sauƙi yake ƙara samu. Likita ya duba hoto ya ce ƙashi ya haɗu da kyau, ya ce da duk tsofaffinsa haka suke da ya huta. Ta dawo gida ta zauna a kujera da rana tsaka, hannu a cinya, ba marar lafiya ba.

Wata Juma'a da safe, kwana ɗaya da zuwan mutumin kamfani, ta tsaya a kicin tana kallon kwandon shara. Ta ɗauko shi ta ɗora a kan keke. Sai da ta tsince ɓawon dankali ta ware gefe, don ta san faɗuwa, ba ta so wani ya zame. Ya rage tukar kofi da ɓawon ƙwai da ɓurɓushin burodi. Ta buɗe ƙofa ta zazzage su a tsakiyar hanya, ta sa sanda ta baza har suka gangara matakala. Matar da tun tana yarinya ba ta taɓa yar da ko tsinke a ƙasa ba ce ta yi wannan. Ta koma ciki ta sa rigarta ta zuwa coci, ta taje kai, ta jawo kujera bayan ƙofa ta zauna.

So take a zo a buga mata ƙofa da fushi. A ce Frau Dangel wannan wane irin rashin mutunci ne, a ce gidan nan ba naki ba ne ke kaɗai, a miƙo mata tsintsiya a ce wanda ya zuba shi zai kwashe. Har amsoshi ta tanada, na kowa daban, na Frau Haug ya fi tsawo.

Ma'auratan suka fito. Ta ji sun tsaya, sun yi ƙus-ƙus, suka ɗaga ƙafa suka tsallake suka wuce. Can sai ta ji ƙofar ƙasa ta buɗe, ta ji takun da ta sani fiye da na kowa yana hawowa a hankali. Ta gyara zama, ta gyara wuyan riga. Takun ya tsaya a tsakiyar matakala, inda ake hango ɓarnar. Ya daɗe a wurin. Sannan ya juya ya sauka, aka rufe ƙofa. Da rana Frau Nufer ta dawo daga makaranta. Gerlinde ta ji ta ja numfashi, ta ji ta ce “Allah sarki” a hankali, ta hau sama, ta dawo. Sai ƙarar burushi, a hankali, a hankali, don kada tsohuwa ta ji ta ji kunya. Har magariba tana zaune da rigar coci, ba wanda ya taɓa ƙofarta.

Washegari da azahar makulli ya juya, sai ga Carola da jakar tafiya, idanunta sun kumbura. Ba ta bugo ta ce tana tafe ba, ashe maƙwabta ne suka buga mata waya. Ta rungume uwarta, ta dafa shayi, ta zauna kusa da ita tana magana da wata murya mai taushi da Gerlinde ba ta san ta da ita ba. Ta ce akwai wani gidan tsofaffi kusa da su a Hamburg, mai kyau, da lambu, da masu kula dare da rana, mutum ko cokali ba zai wanke ba. Ta ce gwaji ne kawai za a yi, in bai yi mata ba sai a sake shawara. Sannan ta kama hannunta ta tambaye ta ko ta tuna abin da ya faru jiya a matakala.

“Na tuna mana. Da gangan na zuba.”

“Na sani, Mama,” in ji Carola, tana shafa bayan hannun, tana gyaɗa kai irin gyaɗawar da ake yi wa yaro mai ba da labarin mafarki.

“Carola, kaina ƙalau yake. Na ce miki da gangan na yi. Na ƙazantar da gidan mutane ina sane. To ki yi mini faɗa mana.”

Hawaye suka zubo wa Carola. Ta ƙara riƙe hannun da kyau, ta sumbaci uwarta a goshi.

“Ba wanda zai yi miki faɗa, Mama. Ki kwantar da hankalinki. Ba wanda zai ƙara yi miki faɗa.”

Ta tashi ta shiga ɗakin kwana ta sauko da akwati daga kan kabad.